Ina Iyakar Abuja? Ikon Gwamnatin Tarayya da Haƙƙin Jihohi a Tsarin Mulkin Najeriya

An nemi in yi magana a kan iyakar da tsarin mulki ya shata wa Gwamnatin Tarayya, da haƙƙin da ya bar wa jihohi. Zan faɗi matsayina tun yanzu, domin mai niyyar musu ya fara shiri. Iyakar nan tana nan a rubuce, kotu ta sha tabbatar da ita, kuma Arewa ce ta fi kowa dagewa a kanta lokacin da ake ƙulla ƙasar nan. Yau mun sakar wa wasu aikin tsaron ta, har ana kallonmu a matsayin masu kare tarin iko a Abuja. Ina ganin wannan kuskure ne, kuma mu ne muka fi kowa cutuwa da shi.

Na ɗaya, abin da kundin ya tanada. Sashe na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kasa ikon yin doka gida uku. Akwai jerin al'amuran da Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke da hurumi a kansu, guda 68 lokacin da kundin ya fara aiki, suna cikin kashi na farko na Jadawali na Biyu. Akwai jerin haɗin gwiwa, inda tarayya da jiha duk suna iya yin doka, amma in dokokin biyu suka ci karo, ƙaramin sashe na 5 ya ce ta tarayya ce a sama. Sai kuma duk abin da ba a ambata a jerin biyu ba, wanda ƙaramin sashe na 7 ya bar wa majalisun jihohi. A lura da wannan na ukun, domin nan ne zuciyar maganar. Ma'anarsa ita ce tarayya ba ta da ikon komai sai wanda aka lissafa mata. In Majalisar Ƙasa ta yi doka, ana iya tambayarta: wace lamba a jerin ta ba ki izini? In ba ta nuna ba, dokar ba ta hau kan jihohi ba, ko da dukkan sanatoci 109 sun ɗaga mata hannu. Gwamna kuma ba ma'aikacin shugaban ƙasa ba ne, jama'ar jiharsa suka zaɓe shi, kuma a ƙarƙashin kundi ɗaya suke rantsuwa. Matsalar tana cikin tsawon jerin farko. Tsaro, hulɗa da ƙasashen waje, buga kuɗi, kwastan, fasfo, babu mai jayayya cewa na tarayya ne. Amma a cikinsa har da 'yan sanda, ma'adinai, mafi ƙarancin albashi, ma'auni, da ɗaurin auren da ba na Musulunci ko na gargajiya ba. Mene ne haɗin Abuja da awon mudu a kasuwar Dawanau?

Na biyu, yadda aka zo nan. A nan zan ɗan daɗe, domin matasanmu da yawa sun taso suna jin cewa rage ikon tsakiya buƙatar Kudu ce. A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello suka ƙi a ɗaure su da wa'adi, aka yi musu ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano. A cikin wannan yanayi Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa suka amince da buƙatu takwas. Abin da suka nema ya zarce duk abin da masu kiran sake fasalin ƙasa ke nema a yau: kowane yanki ya riƙe dukkan al'amuransa, kada ma a sami majalisar dokoki ta tsakiya, sai wata hukuma ta haɗin gwiwa da za ta kula da tsaro, harkokin waje, kwastan da cibiyoyin bincike. Ba a ba su duka ba, amma daga taron Landan na wannan shekara aka fito da tsarin mulkin Lyttelton na 1954, wanda ya mayar da Najeriya tarayya, ya kuma bar ragowar iko a hannun yankuna. A ƙarƙashin kundin 1963 kowane yanki yana da nasa tsarin mulkin, yana da wakilinsa a Landan, yana karɓar rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙa a ƙasarsa. Da wannan iko ne Jihar Arewa ta rubuta kundinta na hukunta laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960, ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna, ba tare da ta je Legas neman izini ba.

Da Janar Aguiyi-Ironsi ya fitar da dokar soja mai lamba 34 ranar 24 ga Mayu 1966, ya soke yankuna ya haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya, garuruwan Arewa ne suka tashi cikin kwanaki kaɗan. An kashe bayin Allah da ba su ji ba su gani ba a wannan tarzoma, kuma babu wata hujjar tsarin mulki da za ta wanke wannan jini. Abin da nake so a gani shi ne Gowon ya soke dokar bayan ya hau mulki, amma abin da dokar ta nufa sai ya dawo sannu a hankali ta wata ƙofa. Soja ba ya mulki sai da umarni daga sama, gwamnan soja kuwa ƙaramin hafsa ne a gaban shugaban ƙasa. Aka yanka yankuna huɗu zuwa jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, kowace sabuwar jiha ta fi uwarta rauni. Aka narkar da 'yan doka da gidajen yarin En'e cikin na tarayya. A 1975 tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna, har da ta Zariya, bayan nan ta karɓe gidajen talabijin da rediyon Kaduna. Kuɗin mai ya zo ya tarar da wannan tsari, ya ƙarfafa shi, kason yankin da ake haƙo ma'adini ya yi ta raguwa daga rabi har ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari a shekarun 1980. Kundin 1979 ya rubuta wannan gado a matsayin doka, na 1999 kuma, wanda gwamnatin Janar Abdulsalami ta kafa da dokar soja mai lamba 24, ya kwafe shi kusan duka. Yawancin shugabannin da suka yi wannan aiki 'yan Arewa ne, gaskiya ne. Amma soja ne suka yi shi da tunanin bariki, kuma abin da suka rushe gini ne na su Sardauna.

Na uku, iyakar da ta rage tana aiki, amma sai an tashi an kare ta. Sashe na 232 ya ba jiha damar kai tarayya ƙara kai tsaye Kotun Ƙoli, kuma tarihin shekarun nan ya nuna ba a banza ake zuwa ba. A 2002 jihohi suka ƙalubalanci Dokar Zaɓe ta 2001, kotu ta ce Majalisar Ƙasa ba ta da hurumin tsawaita wa'adin shugabannin ƙananan hukumomin jihohi. A 2003 Legas ta yi nasara a kan tsara birane da ba da izinin gini, kotu ta ce wannan yana cikin ragowar ikon jihohi. A Disamba 2004 kotu ta gaya wa Shugaba Obasanjo cewa ba shi da ikon riƙe kason ƙananan hukumomin Legas saboda jihar ta ƙirƙiri sababbi, ko da yake ta ce sababbin ba su cika ba sai Majalisar Ƙasa ta shigar da su kundi. Bai saki kuɗin duka ba, sai da Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo a 2007. A 2013 aka ce lasisin otal na jihohi ne. A Nuwamba 2024 aka ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya, a ƙarar da Legas ta shigar tun 2008. Ba kullum jihohi ke ci ba: a 2002 Ondo ta nemi a soke dokar ICPC, kotu ta ce yaƙi da cin hanci ya hau kan kowane mataki na gwamnati, haka kuma aka tabbatar da dokar EFCC a 2024. Wannan ma alama ce ta lafiya, domin alƙali ne ya auna, ba mai ƙarfi ba. Iyakar tsarin mulki kamar iyakar gona take: in mai ita ba ya zagayawa, maƙwabci zai ci kunya ɗaya kowace damina, bayan shekara goma kuma ya rantse nan ya gada. To, ku sake duba sunayen da na jero. Sau nawa kuka ji sunan jihar Arewa a gaba?

Kuma ba don ba mu da abin karewa ba. Lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoba 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi bayanta, da wace hujja suka tsaya? Da wannan ragowar iko dai, domin dokar hukunta laifuffuka ba ta cikin jerin tarayya. Masu adawa sun kafa hujja da sashe na 10 da ya hana ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, muhawara ce ta gaske, amma ko mai goyon baya ko mai suka ya san cewa da a ce Najeriya ba tarayya ba ce, da maganar ba ta ma taso ba. Da tarayya ta haramta Hisbar Kano a 2006, Kano ta garzaya Kotun Ƙoli, aka kori ƙarar a 2007 bisa dalilin hurumi ba tare da an shiga cikin maganar ba. A farkon 2023 kuma, da canjin kuɗi ya sa mutane kwana a bakin banki, Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da yawo. Buga kuɗi ikon tarayya ne tsantsa, amma ko a cikin gonarta shugaban ƙasa ba ya yin yadda ya ga dama. Wato mun san hanyar kotu sarai in abu ya taɓa mu. Abin da ba mu da shi shi ne tsayawa a kan ƙa'idar ko da ranar da wani ne zai amfana.

Na huɗu, kuɗi, wanda shi ne ainihin dalilin tsoronmu, gara mu faɗe shi a fili. Daga Asusun Tarayya gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Yawancin jihohi, Kudu da Arewa, ba za su iya biyan albashi ba in kason wata bai zo ba. Shi ya sa da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta yanke a Agusta 2021 cewa harajin VAT na jihohi ne, hankalin Arewa ya tashi, haka kuma gwamnoninmu suka yi watsi da tsarin rabon da ƙudurorin haraji na 2024 suka zo da shi tun farko. Ban raina wannan damuwa ba. Kamfani na sayar da katin waya a Gusau da Azare, ya biya harajin a hedikwatarsa ta Legas, a rubuta Legas ce ta tara. Wanda ya ce a gyara wannan lissafi yana da gaskiya, kuma matsin da aka yi ya sa dokar da aka sa wa hannu a Yuni 2025 ta rage kason tarayya na VAT daga 15 zuwa 10, ta kuma sa a duba inda aka yi amfani da kaya. Amma a rarrabe abu biyu. Rabon arziki daban, rabon iko daban. Jamus tarayya ce mai jihohi masu ƙarfi, duk da haka tsarin mulkinta ya wajabta a tallafa wa jihohi marasa ƙarfi. Kanada ma ta rubuta irin wannan a kundinta na 1982. Ana iya neman a ci gaba da raba kuɗi bisa adalci, a kuma nemi a rage abin da Abuja ke riƙewa da ayyukan da take cewa nata ne. Wa ya ce dole sai mun zaɓi ɗaya?

Ku dubi abin da tarin ikon ya jawo mana. Sashe na 44 ya mallaka wa tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa. Gwamnan Zamfara shi ne amintaccen filayen jiharsa bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amma lasisin haƙar zinare a Anka daga Abuja yake fitowa. Da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, jihar ce ta binne su. Da aka hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, daga Abuja aka hana, daga can kuma aka ɗage a ƙarshen 2024. Sashe na 214 ya haramta kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta ƙasa, sashe na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sanda damar cewa sai ya ji daga sama kafin ya bi umarnin gwamna. Mutumin da ake kira babban jami'in tsaron jiha ba shi da ɗan sanda ko ɗaya. Da jihohin Yarabawa suka kafa Amotekun a Janairu 2020, Ministan Shari'a na lokacin ya ce haramun ne, mutanenmu da dama suka tafa masa. Kafin shekara huɗu ta cika Katsina ta kafa rundunarta ta tsaron al'umma, Zamfara ta biyo da Askarawa, Sakkwato ma ta yi nata. Larura ta kai mu inda muka ƙi zuwa da hujja, kuma mun isa can da rundunonin da kundi bai ba su cikakken matsayi ba, ga 'yan bindiga da makaman yaƙi.

Na biyar, babbar suka, wadda na san tana bakin mutane da yawa a zauren nan: in aka ƙara wa gwamnoni iko, wa zai cece mu daga gwamnoni? Tambaya ce mai nauyi. Dattawan NEPU ba su manta da yadda aka yi amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai a kansu ba. Mun ga gwamnoni na rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi su naɗa kantomomi, alhali sashe na 7 ya lamunce zaɓe, mun ga yadda asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya zama aljihun gidan gwamnati, har sai da Kotun Ƙoli ta ce ranar 11 ga Yuli 2024 a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Amurka ma, wadda muka ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga gare ta a 1979, ta ɗanɗana wannan. Gyara na goma na kundinta, na 1791, ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a ba tarayya ba, amma da sunan haƙƙin jihohi aka kare bauta, daga baya aka kare wariyar launin fata, har a 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura soja Little Rock su raka yara baƙaƙe tara makaranta. Duk wannan na yarda da shi. Amsata ita ce, abin da ya kare waɗannan yara haƙƙinsu ne na 'yan ƙasa da kundi ya rubuta, kotu ta tabbatar, tarayya ta zartar. Ba a soke 'yan sandan jihar Arkansas ba, ba a kuma cire gwamnanta ba. Mu ma muna da Babi na Huɗu na haƙƙoƙin ɗan Adam a kundinmu, wanda ya ɗaure gwamna kamar yadda ya ɗaure shugaban ƙasa, kuma babu mai hankalin da ke neman a sassauta shi. Haƙƙin jiha haƙƙin jama'arta ne su gudanar da al'amuransu, bai taɓa zama lasisin mutum ɗaya ba. Sannan wanda ke tsoron zaluncin gwamna, me ya ba shi tabbacin adalcin shugaban ƙasa? An yi amfani da dokar ta-ɓaci an kawar da gwamnatin Jihar Yamma a 1962, a zamanin Tafawa Ɓalewa. An dakatar da gwamnan Filato a 2004, an naɗa kantoma a Ekiti a 2006, an dakatar da gwamnan Ribas a Maris 2025, alhali a 2013 an sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa, ana tsakiyar yaƙi, ba a taɓa gwamna ko ɗaya ba. Zaluncin gwamna yana tsayawa a bakin iyakar jiharsa, ana iya kai kukansa kotun tarayya, jaridar maƙwabciyar jiha na iya buga shi. Na tsakiya kuwa ya game ƙasa, kuma babu wata hukuma a samansa sai kotun da shugaban ƙasa ke naɗa alƙalanta.

Na shida, kuma a taƙaice. Jerin nan na tarayya yana gyaruwa. A Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali cikin jerin haɗin gwiwa, ya kuma ba jihohi damar samar da wutar lantarki da rarraba ta ko a inda layin ƙasa ya kai. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar ragamar kula da kasuwar wutarsu a 2024, mu da muka fi kowa rana da duhu aka bar mu a baya. Sashe na 9 ya ce gyaran kundi na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Ƙasa, da amincewar majalisun jihohi 24. Kudu na da 17, Arewa na da 19. Babu gyaran da zai wuce sai aƙalla majalisu bakwai na Arewa sun yarda. Da wannan ƙarfi za a iya zama a teburi a ce: mun amince da 'yan sandan jiha, bisa sharaɗin hukuma mai zaman kanta ta ɗauki ma'aikata kuma a hana su aikin zaɓe, muna son jiha ta sami murya da kaso a lasisin ma'adinai, muna son a rubuta tallafin jihohi marasa ƙarfi a cikin kundi yadda ba mai iya taɓa shi. Wannan aiki yana hannun 'yan majalisar jiha da ke zaune a unguwanninmu, waɗanda muke haɗuwa da su a masallaci da coci da wurin ɗaurin aure, kuma ya kamata a fara tambayarsu matsayinsu tun kafin takardar gyara ta iso gabansu.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata. Na ga lauyoyi na rubutu tun ina kan batu na uku, na kuma san akwai waɗanda ba su gamsu da amsata a kan gwamnoni ba. Ina roƙon a fara ba su dama, sannan ɗalibai. Bismillah, ga fili.